Ƙwayoyin da Yayata Ta Kawo Mini Sun Sa Hannuna Rawa, Amma Na Kasa Dainawa

Gwaggo, assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki sakaya sunana, don masu karanta filin nan a danginmu suna da yawa.

Ni mace ce mai shekara hamsin da 'yan kai. Ina tare da mijina, 'ya'yanmu uku duk sun girma, ta tsakiyar ce kaɗai mace. Sana'ata gyaran tabarau. Shagon da nake aiki yana bakin babban titi. A gaba ake gwada ido ana zaɓen firam, ni kuma ina can ciki, a wani ɗan ɗaki mai teburi ɗaya da fitila mai lanƙwasasshen wuya. Ni ke zaunar da gilashi a cikin firam, ni ke ɗaure 'yan kusoshin nan da ba su kai ƙwayar shinkafa ba, in kuma an kawo wanda aka zauna a kansa ni ke miƙe masa ƙafa. Na fi shekara ashirin a kan teburin nan. Mai shagon yakan ce wa mutane su kwantar da hankalinsu, hannun Anti ba ya kuskure. Ba don yabon kai na faɗi wannan ba, sai don ki gane abin da ke tafe.

Shekarun baya kaɗan al'adata ta fara yi mini wasa, ta zo wannan watan ta ƙi zuwa wancan, daga baya ta ɗauke gaba ɗaya. Ban damu ba, na ma ce na huta. Sai zafi ya fara. Ina zaune lafiya lau sai in ji ya taso daga ƙirji ya haye wuya ya mamaye fuska, gumi ya jiƙa mini ɗankwali, tabarauna na kaina ya yi hazo har in daina ganin abin da nake ɗaurewa. Barci ya zama guntu-guntu. Abban yara, wanda ya yi ritaya yana gida, ya sayo mini 'yar fanka ta hannu mai caji, nake yawo da ita a jaka kamar waya. Duk wannan na jure, don na ga mata sun jure.

Abin da ya biyo baya ne ban san sunansa ba. Ban ma san ranar da ya fara ba. Kin san allurar da likitan haƙori ke yi kafin ya cire haƙori, ki taɓa kuncinki, kin san naki ne amma ba kya jin komai? To haka cikina ya zama. Ba baƙin ciki ba ne, da baƙin ciki ne ai da na gane shi. Ina tashi, ina salla, ina girki, ina zuwa aiki, ina amsa gaisuwa. Abinci kowanne ɗaya ne a bakina. Wata aminiyata tun ta makaranta ta rasu, na je gidan, ɗaki cike da mata ana ta kuka, ni kuwa ina zaune ina kallon tabaraun ƙanwarta, ina cewa a raina ƙafar hagu ta karkace, ya kamata ta kawo a gyara. Na dawo gida na ɗora tukunya. Ban yi kuka ba a ranar, ban yi ba har yau.

Ana cikin haka 'yata ta haihu, ɗanta na fari, jikanmu na fari. Na daɗe ina roƙon Allah Ya nuna mini ranar. Muna tsaye a barandar asibiti nas ta fito da shi a naɗe ta miƙo mini tana cewa ga angonki nan, Kaka. Na karɓa. Na ji nauyinsa, na ji ɗuminsa a hannuna, shi ke nan abin da na ji. Na yi masa addu'a, na faɗi duk abin da ake faɗa, amma tunanina yana kan ko na kashe gas kafin mu fito. Da na shiga wajen 'yata ta kafe ni da ido tana jiran ta ga wani abu a fuskata. Na yi mata murmushi. Ban sani ba ko ta yarda da shi.

Yayata ce ta fara ganewa. Ita ce babbarmu, ita ta riƙe mu bayan rasuwar mahaifiyarmu, mace ce mai hayaniya da dariya, in ta shigo gida sai kin sani. An yi mata aiki an cire mata mahaifa shekarun baya, ta sha wuya sosai a lokacin. Ta zo ganin jariri, ta ja ni kicin ta rufe ƙofa ta ce wannan zaman da nake yi kamar hoto ba ta gane masa ba. Na gaya mata kaɗan daga ciki. Ta ce ai ta sani, ita ma ta bi ta nan, kuma tana da maganinsa.

Bayan kwana biyu ta dawo da wata kwalba mai ruwan ƙasa, an yi hoton saniya a jiki tana kiwo a cikin ciyawa shar. Rubutun ƙanana ne, wani ma ba da yaren da nake karantawa ba. A wajen wata mata take saye ta waya, ana aiko mata. Ta yi mini bayani cewa ana ɗaukar ma'ajiyar ƙwai ta saniya, da 'yar tsokar nan ta wuya wadda in ta kumbura ake cewa maƙoƙo, da wani ɗan abu da ke saman ƙoda, a busar a niƙa a ɗura a kafso. Ta ce abin da ya ƙafe a jikina shi ne saniya ke da shi, in na sha sai ya mayar mini. Ta ce wannan ba irin maganin homon na asibiti ba ne, wato sinadarin jikin mace da likitoci ke bayarwa, wanda ke jawo cutar daji, wannan kusan abinci ne, nama ne kawai. Ki sani Gwaggo, cutar dajin mama ce ta yi ajalin mahaifiyarmu, a hannunmu ta ƙare, don haka maganar nan ba ƙarama ba ce a wajenmu.

Kuma ba wai ban taɓa zuwa asibiti ba. Na je sau ɗaya tun farkon abin. Na yi rabin yini a kan benci, da na shiga likitan, sa'an ɗana na fari, bai ɗago kai daga rubutunsa ba ya ce shekaru ne Mama, sai haƙuri. Ya rubuta mini maganin ƙarin jini. Ban koma ba.

Na buɗe kwalbar, wari irin na teburin mahauta da yamma ya bugo ni. Abban yara ya leƙo ya ga hoton saniyar, ya ce in na fara kuka irin nasu in sanar da shi da wuri ya nemo ciyawa. Na san abin dariya ne, na shirya fuskata na yi. Na fara sha kullum da safe.

Da farko ban ga komai ba. Na gaya wa Yaya, ta ce jikina ya daɗe a bushe, in riƙa shan biyu. Na ƙara. Bayan 'yan makonni sai wani ƙarfi ya zo mini wanda ban san daga ina yake ba. Na wanke labule, na kwashe kayan kabad na goge na mayar, na kasa zama wuri ɗaya. Ina cin abinci fiye da da, amma siket ɗina yana zamewa, har na sa aka rage mini. Zafin bai ragu ba, ƙaruwa ma ya yi. Sai zuciyata ta fara gudu, ina zaune kawai in ji tana bugawa har cikin kunnena. Daga nan hannu ya fara rawa.

A wajen aiki na fara lura. In sa ɗan matsi in ɗauki 'yar kusa, kafin in kai ta ramin ta faɗi, in durƙusa ina lalube a ƙarƙashin teburi. Aikin da nake gamawa kafin mutum ya gama gaisawa da mai shago ya koma sai ya zauna ya gaji. Wata rana wani dattijo ya kawo tabaraunsa, irin mai kaurin gilashin nan da in an cire masa ba ya ganin ko ƙofa. Firam ɗin ne ya saki, aikin minti kaɗan. Ina matsawa hannuna ya kufce, gilashin ya tsage gida biyu. Irin nasa sai an yi oda, sai ya jira kwanaki. Matarsa ce ta riƙe masa hannu suka fita, yana taka ƙafa a hankali yana cewa ba komai, tsautsayi ne. Mai shago bai yi mini faɗa ba. Washegari ya ce in dawo gaba in riƙa karɓar mutane ina goge gilashin nuni, zai riƙa aika gyaran wani wuri kafin in ji sauƙi. Teburina yana nan an rufe shi da leda. Ina wucewa ta gabansa in zan ɗauko tsumma. Na nemi ɓacin rai a zuciyata ban samu ba.

Na gaya wa Yaya maganar rawar hannun, ta ce alamar maganin ya kama ne, yana tayar da jijiyoyin da suka yi barci, in daure.

Sai ranar da abin ya faru. 'Yata ta zo mana yini da yaron. Bayan la'asar ya yi barci a jikina a falo, na tashi zan kai shi ɗaki in kwantar. Ina isa bakin ƙofa zuciyata ta yi wani irin tsalle, idona ya yi duhu, ƙafafuna suka saki. Ban san yadda aka yi ba, na dai sulale na zauna a ƙasa, bayana a jikin ƙofa, na ƙanƙame shi a ƙirji. Ko farkawa bai yi ba, Allah Ya tsare. 'Yata ta fito daga kicin da gudu ta karɓe shi. Ta ga yadda hannuwana ke karkarwa, ta ce Mama me kike sha? Abbanta ne ya nuna mata kwalbar a saman firji. Ta juya ta, ta karanta abin da za ta iya, ta yi ta bincike a waya, fuskarta tana canzawa.

Abin da aka shirya tun tana da ciki shi ne in hutunta na haihuwa ya ƙare, ni zan riƙa riƙe yaron da rana in na taso aiki, har ta dawo. Hutun zai ƙare wata mai zuwa. Yanzu ta ce in ban daina ƙwayoyin nan na je an duba ni ba, ba za ta bar mini shi ba, gara ta kai shi wajen surukarta ko gidan rainon yara. Tana faɗa tana kuka. Ta kira Yaya a gabana suka yi ta sa-in-sa. Yaya ta ce mata ita da ta goya uwarta ce za ta koya wa magani? Daga baya Yaya ta kira ni ita kaɗai, ita ma tana kuka, ta ce lokacin da aka yi mata aiki ta kwanta wata da watanni ba mai tambayar yadda take ji a ranta, ƙwayoyin nan ne suka tashe ta, yanzu an mai da ita mai son kashe ƙanwarta. Tun ranar ba ta sake zuwa gidan ba. Abban yara yana tsakiya, ba ya son ɓata wa kowa, sai ya yi ta kawo mini ruwan sanyi yana tambayata ko akwai abin da nake so.

Ga abin da ban gaya wa kowa ba. Lokacin da nake zaune a ƙasa da yaron nan a ƙirjina, na ji tsoro. Tsoro na gaske, har cikin hanjina. Rabon da in ji wani abu haka na manta. Kuma bugun zuciyar nan da kowa ke jin tsoronsa, ni jiransa nake yi. In na sha ƙwayar da safe nakan zauna a bakin gado in jira ya fara, don yana kama da yadda nake ji da, in ina jiran wani da nake so ya iso. Na san ba shi ba ne. Amma shi kaɗai ne ke motsi a cikina. Na ce wa 'yata na daina, alhali ina shan ɗaya kullum, na mai da kwalbar cikin jakar aikina. Da ta ce ba za ta bar mini yaron ba, na jira maganar ta yi mini zafi, ba ta yi ba, kuma wannan ne ya sa na ɗauki biro.

Kada ki tsorata, ba na tunanin cutar da kaina. Ba na ma tunanin komai sosai.

Gwaggo, ƙwayoyin nan cutarwa suke yi ko jikina ne bai saba ba? Yaya tana sha shekara da shekaru, ga ta nan garau. In na daina, me zai rage mini? Ban ma san ko yanka dabbobin aka yi ba, na tambayi Yaya ta ce ba ga saniya nan a jiki ina gani ba. Kuma wace irin kaka ce za a miƙa wa jikanta ta ji kamar an miƙo mata ƙunshin wanki? Ki gaya mini gaskiya, ba zan ji haushi ba. Ko na so ma ba zan iya ba.

Taki,
Mai gyaran tabarau

*

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa.

Na karanta wasiƙarki, na kai ta wajen wata ƙawata likitar mata muka sake karantawa tare, don ni ba likita ba ce kuma ba na son in yi miki shaci-faɗi a kan zuciyarki. Zan fara da abin da ba ya jira.

Ki je asibiti a cikin makon nan, gobe in da hali, da kwalbar a hannunki. Bugun zuciya, rawar hannu, rama alhali kina ci, rashin iya zama wuri ɗaya, ƙawata ta ce duk sun yi kama da jikin da sinadarin tsokar wuyan nan ya yi wa yawa. Ba za ta yanke hukunci daga takarda ba, gwajin jini ne zai nuna, amma ta ce mace mai shekarunki da ta sulale a bakin ƙofa ba ta da lokacin jira. In ya yi yawa ya daɗe, yana iya rikita bugun zuciya, yana kuma cin ƙashi a lokacin da ƙashin mace ya riga ya fara rauni. Kada ki ƙara ko ƙwaya ɗaya a kan abin da kike sha, kuma ki bar likita ya gaya miki yadda za ki rabu da ita, domin wasu irin waɗannan haɗe-haɗen suna ɗauke da abin da ba a yanke shi farat ɗaya in an daɗe ana sha. In kafin nan kika ji ciwon ƙirji, ko numfashi ya yi miki wuya, ko duhun nan ya dawo, a kai ki sashen gaggawa a take, ba sai an nemi shawarar kowa ba.

Kin tambaya ko cutarwa suke yi. Maganar Yaya tana da daɗin ji, wai abin da ya ƙafe a jikinki a ɗebo na saniya a zuba. Amma jiki ba randa ba ne. Ƙawata ta ce babu ingantaccen bincike da ya nuna garin ma'ajiyar ƙwan dabba yana mayar wa mace abin da ta rasa bayan ɗaukewar al'ada. Yawancinsa ciki ne ke narkar da shi kamar kowane nama. Matsalar ita ce sauran abin da ke cikin kafson. Ana sayar da su a matsayin ƙarin abinci, don haka a wurare da yawa ba a bincikarsu yadda ake bincikar magani. Wata kwalbar ba komai a ciki, wata kuma tana da sinadari mai ƙarfi wanda ba a rubuta yawansa ba, ko ba a rubuta shi ba sam. Shi ya sa Yaya za ta iya sha ta ce garau take, ke ki sha biyu ki zube. Kuma ki lura da wannan: in har da gaske akwai homon a ciki, to abin da kuke gudu a asibiti shi kike sha, sai dai na asibiti an auna shi, an san wanda ya dace da shi, ana kuma bibiyar mai shansa. Game da yanka, hoton da ke jikin kwalba ba shaida ba ne. Wasu irin waɗannan daga alade ake yin su. In ba a rubuta asalinsa a fili ba, ba ki da hanyar sani, mai sayarwar ma wataƙila ba ta sani ba.

Ban ga laifinku ba da kuka ji tsoron maganin asibiti bayan abin da kuka gani a jikin mahaifiyarku, Allah Ya ji ƙanta. Ki gaya wa likita wannan tarihin tun a zaman farko, yana da muhimmanci. Akwai matan da maganin homon ya dace da su ya kuma taimake su ƙwarai, akwai waɗanda bai dace da su ba, kuma su ma akwai magungunan rage zafin nan da gyara barci waɗanda ba homon ba ne. Likitan da ya sallame ki da haƙuri bai kyauta ba, kuma irin wannan sallamar ce ke tura mata hannun masu sayar da kwalabe a waya. Amma ba shi kaɗai ne likita ba. Ki nemi ɓangaren mata, in da hali wajen wadda ta manyanta. Kada ki ce mata jikina ne ba daɗi ki yi shiru. Ki gaya mata yadda kika gaya mini, har da maganar allurar likitan haƙori.

Domin wannan ne ainihin ciwon, kuma ya riga kwalbar zuwa. Mutane sun ɗauka ciwon damuwa kuka ne da tagumi. Sau da yawa haka yake zuwa, shiru, mutum yana aikinsa yana gaisawa da jama'a amma an kashe fitilar ciki. Yana yawan kama mata a wannan gaɓar ta rayuwa, musamman in barci ya daɗe da lalacewa, wani lokacin kuma tsokar wuyan ce da kanta ta yi sanyi tun farko, ko jini ya yi ƙasa. Duk ana gwadawa, duk ana magani. Ba rashin imani ba ne, ba kuma taurin zuciya ba. Kin ce ba kya tunanin cutar da kanki, na yarda da ke. In hakan ya taɓa canzawa, ki gaya wa wani a ranar.

Kin tambaye ni wace irin kaka ce ke. Kakar da ƙafafunta suka saki, idonta ya rufe, amma hannun da ya kasa riƙe 'yar kusa bai saki jariri ba. Ban san me kike kiran wannan ba. Tsoron da kika ji a ƙasan nan ba daga kwalba ya fito ba, naki ne, kuma don yaron kika ji shi. Bugun da kike zama a bakin gado kina jira kuwa, kin riga kin faɗa da bakinki cewa ba shi ba ne. Zuciya ce ake yi wa bulala. Ba zan yi miki ƙarya ba, in kin daina za ki iya samun kwanaki da shirun zai fi na da nauyi. Shi ya sa nake so ki daina a hannun likita, da mutanenki a kusa, ba ke kaɗai da jakar aikinki ba.

'Yarki tana da gaskiya, kuma ba hukunta ki take yi ba, tsorata ta yi sau biyu a lokaci ɗaya, don ɗanta da don uwarta. Ki gaya mata ba ki daina ba. Za ta ji zafi, amma gara ta ji daga bakinki da ta tsinci kwalbar. Ki gaya mata sauran ma, na barandar asibiti. Ina zargin ta riga ta gani, tana can tana tunanin ko wani laifi ta yi miki, ko ɗanta ne bai shiga ranki ba. In ta san ciwo ne, kin sauke mata kaya. Kafin a duba ki, ki riƙe yaron a zaune, da wani a kusa, kada ki yi tafiya da shi. In ya kama ya fara zuwa wajen ɗaya kakar na wata ɗaya ko biyu, ba ƙwace miki shi aka yi ba.

Yaya kuwa, kada ki bari a mai da ita mai laifi. Ita ce ta fara kallon ki ta ga ba lafiya, ta kuma kawo abin da take da shi. Ta yi kuskure a kan maganin, musamman da ta ce ki ƙara ki kuma daure, amma ba ta yi kuskure a kanki ba. Ki kira ta, kada ki yi gardamar kwalba da ita. Ki ce kina tsoron zuwa asibiti, ki roƙe ta ta raka ki. Yayar da ta riƙe ku ba za ta ƙi wannan ba. In kun je, a duba ta ita ma, don wadda ta shekara da shekaru tana shan abin da ba a san yawansa ba tana bukatar gwaji ko da tana jin garau. Abban yara ma ki zaunar da shi ki yi masa bayani. Mutumin da ke ta kawo ruwan sanyi so yake a ba shi aikin yi, bai san wanne ba ne. Game da teburinki, ƙawata ta ce in sinadarin ne ya jawo rawar hannun, yawanci takan lafa in an gyara shi. Ki gaya wa mai shago kina ganin likita, ya ba ki lokaci.

Ni ma na bi ta wannan hanyar, shi ya sa na tsawaita. Na yi fiye da shekara ina rubuta wa mutane shawara a filin nan alhali ban san ko ina jin tausayinsu ba. Da aka yi mini magani na ɗauka farin ciki ne zai fara dawowa. Ashe haushi ne. Wata safiya na tarar maigidana ya sake yar da jiƙaƙƙen tawul a kan gado, abin da ya yi ta yi ina ɗaukewa ba ko uffan. Ranar na bi shi har bakin mota ina zazzaga masa masifa, maƙwabta suna leƙe. Ya tsaya yana kallona, idonsa ya ciko, ya ce sannu da zuwa.

Allah Ya ba ki lafiya, Ya raya jikanki, Ya daidaita tsakanin Yaya da 'yarki. Ki je a duba ki, 'yar'uwa.

Gwaggo